Tayar laka: yadda za ka zaɓa wa motarka kafin damina ta kankama

Duk mai gona a bayan Kujama, ko mai shiga ƙauyukan Kauru da Lere a jihar Kaduna ɗauko masara, ya san abin da watan Agusta yake yi wa hanya. Burjin da ka bi da rani ƙura na tashi a bayanka, shi ne zai koma jan taɓo mai santsi kamar sabulu, manyan motoci sun yanka masa ramuka biyu a tsaye, ruwa ya kwanta a ciki. A nan ake gane cewa giyar ogzilari, wato giyar da take sa ƙafa huɗu su ja, ba ta aiki ita kaɗai. Injin yana tura ƙarfi zuwa ƙafa huɗu, amma abin da yake taɓa ƙasa faɗinsa bai fi tafin hannu ba a kowace ƙafa. Idan wannan ɗan wurin bai kama ba, ƙafafun huɗu za su yi ta juyi a wuri guda har cikin motar ya zauna a laka.

Kafewar mota a daji ba ƙaramin abu ba ne a wannan yanki namu. Mutum yana son ya fito bakin kwalta tun rana ba ta faɗi ba, kuma kowa ya san dalili. Shi ya sa nake ɗaukar zancen taya da muhimmanci, nake kuma jin takaici idan na ga an kashe kuɗi masu yawa a kan wadda ba ta dace ba.

Fara da lissafin hanyarka

Kafin ka doshi kasuwar Oriapata ko ta Panteka a garin Kaduna ko wani shagon dila, zauna ka lissafa inda motar nan take zuwa a wata guda. Kilomita nawa take ci a kwalta, nawa a burji, nawa a laka ta gaske? Sannan ka tuna wuri mafi muni da dole ka ratsa, wanda ba shi da zagaye.

Tayoyin manyan motoci irin su Hilux da Prado da Land Cruiser iri uku ne a mafi yawan shaguna, kuma za ka ga alamarsu a jikin tayar. Mai H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana ne a matse, ba ta ƙara, ba ta shan mai. Mai A/T ta tsaka-tsaki ce, tana cin kwalta da burji da tsakuwa da laka marar zurfi. Mai M/T ita ce tayar laka, mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu. Wasu kamfanoni sun fito da mai R/T, wadda take tsakanin biyun ƙarshe.

Idan aikin motarka daga Malali zuwa ofis ne, sai zuwa Abuja ko Zariya, gona kuma sau biyu a wata a kan burji mai kyau, A/T ta ishe ka, kuma za ta fi maka alheri. Tayar laka ta wanda ruwa ba ya hana shi fita ce: mai kai taki gona a Yuni da Yuli, mai sayen citta a ƙauyukan Kachia da Kagarko, ma'aikacin lafiya ko na gona da yake shiga rugage, mai gida a sabuwar unguwar da kwalta ba ta kai ba tukuna kuma layinsa yake zama kududdufi wata uku.

Abin da ya sa take kama laka

Laka tana cika ramukan zanen taya. Da zarar sun cika, tayar ta zama kamar sudaddiya, laka ce take gogar laka. Ramukan tayar M/T suna da faɗi, don haka idan ta juya sai ta watso abin da ta ɗauka, haƙoran su dawo a buɗe su sake cizo. Wannan kakkaɓe kai shi ne asirinta. Akwai kuma haƙoran kafaɗa, waɗanda suka gangaro gefen tayar. Su ne suke kama bangon ramin da babbar mota ta bari, su taimake ka ka hau ka fita daga ciki. Gefenta ma ya fi kauri, da yawansu rufi uku ne, abin da yake kare ta daga kututture da tsinin dutse irin na wajen Kajuru da tsaunukan Kagoro.

Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tayar laka tana kuka a kwalta, kuma kukan yana ƙaruwa yayin da take cinyewa. Tana da nauyi, don haka mota za ta ƙara shan mai, birki da shokozoba su ƙara wahala. Abin da ya fi damuna shi ne halinta a jiƙaƙƙiyar kwalta. Tayar kwalta tana da 'yan siraran tsage masu yawa a jikin zanenta, su ne suke taimaka mata ta riƙe jiƙaƙƙen titi. Tayar laka ba ta da su da yawa, kuma robar da take taɓa titi ba ta kai ta waccan ba. Ma'ana, idan ana ruwa a hanyar Abuja ka taka birki, motar za ta ƙara tafiya kafin ta tsaya, musamman a-kori-kura da babu kaya a bayanta. Wanda ya sa M/T dole ya rage gudu a ruwa, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba. Idan direba ne yake jan motar, a zaunar da shi a faɗa masa wannan ranar da aka sa tayar.

Karanta abin da ke jikin motarka

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda da kamfani ya liƙa, mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da ta dace. Daga nan ake farawa. A ce ka ga 265/65R17, girman da ake yawan samu a Hilux da Prado na baya-bayan nan. Lambar 265 faɗin tayar ne a milimita. Lambar 65 tana nufin tsayin gefenta kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin. Harafin R ƙirar tayar ce, 17 kuma girman rim ne a inci. Tsofaffin motoci za ka ga 31x10.50R15, wato tsayi inci 31, faɗi inci goma da rabi, rim inci 15. Land Cruiser na aiki kuwa da yawa 7.50R16 suke sawa, doguwa siririya.

A nan ne sha'awa take shigowa, don kowa yana son motarsa ta tashi sama. Ƙarin tsayi yana da amfani, domin taya ce kaɗai take ɗaga aksul daga ƙasa, kuma aksul ne yake fara zama a tudun da ke tsakanin ramuka biyu. Amma yi lissafi. Tsayin 265/65R17 kusan milimita 776 ne. Idan ka koma 265/70R17 ya zama kusan 803, ƙarin milimita 27, wanda rabinsa ne kawai zai ɗaga motar. Malejinka zai nuna 100 alhali kana kan 103. Wannan ƙari ne mai sauƙi, motoci da yawa suna ɗaukarsa. Idan ka tsallaka zuwa 285/70R17, tsayin ya kai kusan 831, ƙarin kashi bakwai cikin ɗari. Nan mota za ta yi nauyin tashi, giya ta canza hali, tayar ta riƙa gogar jikin mota idan ka karya sitiyari ko ka faɗa rami da kaya, safayar ma wataƙila ta ƙi shiga mazauninta. Shawarata ita ce ka tsaya a girman kamfani, ko ka hau mataki ɗaya kawai. In ka hau, a ɗaura ɗaya a gaba tun a shagon, a karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a leƙa a gani.

Batun faɗi kuma ya danganta da irin lakarka. Yawancin hanyoyinmu na jar ƙasa suna da tauri a ƙarƙashi, saman ne yake narkewa. A irin wannan, siririyar taya tana yanka lakar ta isa ƙasa mai ƙarfi ta kama, shi ya sa tsohon Land Cruiser mai 7.50R16 yake wuce inda manyan motoci masu faffaɗar taya suke wutsil-wutsil. Fadama dabam ce, lakarta ba ta da gindi, duk abin da ya yanka ta nitsewa zai yi, a nan faɗi ya fi amfani. A yashi irin na bakin rafi kuma tayar laka haƙa take yi idan ka matsa mata wuta, sai da lallami.

Abu guda game da rim: mai inci 16 ko 17 ya fi na 20 a daji nesa ba kusa ba, saboda gefen tayar ya fi tsayi, yana shanye duka, yana kuma ba ka damar rage iska.

Lambar kaya da ta gudu

Bayan girman za ka ga wata lamba da harafi, kamar 112S ko 121/118Q. Mutane da yawa ba sa kallonta, ita kuwa tana faɗa maka nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka. Lambar 112 tana nufin kilo 1,120, 115 kilo 1,215, 121 kuma kilo 1,450. Idan lambobi biyu ne, ta farko ce taka, ta biyun ta motar da ake haɗa wa taya biyu a gefe guda ce. Kada ka sayi wadda lambarta ta gaza ta tayar da motar ta zo da ita. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, S 180, T 190. Yawancin tayoyin laka Q ne.

Idan ka ga LT kafin girman, tayar an yi ta ne don kaya, jikinta ya fi ƙarfi. A cikinsu akwai daraja C da D da E, waɗanda 'yan kasuwa suke kira filai shida, takwas da goma. Mai lodin buhunan masara ko taki ya nemi D ko E. Mai Prado da iyali kawai yake ɗauka, C za ta fi masa laushi, don E a motar da babu kaya tana sa ka ji kowace tsakuwa a bayanka. A sani kuma, ƙarfin taya ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka. Hilux kayanta kusan tan guda ne har da mutanen da ke ciki, buhu goma mai kilo ɗari ya riga ya kai ta maƙura, ko wace taya aka sa mata.

A kasuwa

Nan ne aikin yake. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yi a Legas ba da daɗewa ba, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, mai kyau da marar kyau a kasuwa ɗaya. Sunayen da suka yi fice a tayar laka sun haɗa da BFGoodrich mai KM3, da Maxxis mai Razr da Bighorn, da Cooper mai STT Pro, da Yokohama mai Geolandar, da Toyo mai Open Country. Akwai kuma 'yan Sin masu sauƙin kuɗi iri-iri, wasunsu suna aiki, wasu haƙoransu ɓantarewa suke yi a tsakuwa. Hanya mafi kyau ta tantance su ita ce ka tambayi direbobin da suke bin irin hanyarka, ka je ka ga tayar a ƙafar motarsu bayan damina guda.

Ko wane suna ne a jiki, fara neman ranar haihuwarta. A gefe ɗaya akwai rubutun da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2324, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2024. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba, balle a zafinmu na Maris da Afrilu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, don haka idan aka sayar maka da wadda ta kwana shekara biyu a sito, rabin wa'adin ka biya kuɗinsa. Shafa wurin lambobin da yatsa. In ka ji alamar kankara ko an liƙa wani abu, ka bar ta.

Na taɓa tsayawa a wani shago na nuna wa mai kayan lambar, sai ya ce, “Haba Alhaji, sabuwa ce dal, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba.” Na ce, “Gaskiya ne Malam, amma dubi nan, shekararta uku.” Ya ɗauko tocila ya haska, ya yi shiru, sannan ya aika yaronsa sito ya zo da wasu. Ban ga alamar yana da niyyar cuta ba, shi kansa bai saba dubawa ba. Ka duba dukkansu ɗaya bayan ɗaya, kada ka wadatu da wadda aka fito maka da ita.

Daga nan ka mirgina ta a ƙasa ka ga ko tana tafiya a miƙe. Wasu masu shigo da kaya suna cusa tayoyi a cikin juna don kwantena ta ɗauki da yawa, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irinsu. Tayar da aka yi wa haka bakinta yana lanƙwashewa, wayoyin ciki su raunana, ba za ta zauna daidai a rim ba, ba kuma za ta karɓi balansin ba. Leƙa cikinta, dubi bakin da kyau.

'Yar Beljiyam fa? Doka ma ta hana shigo da tsofaffin tayoyi ƙasar nan, amma kowa ya san suna nan jibge. Na san halin da aljihu yake ciki, ba na raina wanda ya saya. Sai dai a tayar laka asarar ta fi yawa, domin zurfin haƙoran shi ne abin da kake saye. Sabuwa tana zuwa da zurfin kusan milimita 14 ko 15. Idan ya ragu zuwa rabi, ta daina kakkaɓe laka yadda ya kamata, sai kukan da nauyin su rage maka. Sabuwar A/T ta fi M/T da ta ci rabi, ko a cikin laka.

Sayi biyar, iri ɗaya, girma ɗaya. Motocin da ƙafafunsu huɗu suke ja kullum, kamar Prado, ba sa son bambancin tsayi tsakanin tayoyi, yana wahalar da kayan giya. Safaya ta kwalta a ƙarƙashin motar da ke kan M/T kuwa, ranar da ka buƙace ta a tsakiyar taɓo za ka sa ta. In kuɗi bai kai biyar ba, a ƙalla safayar ta zama girmansu ɗaya. Kula kuma da masu kibiya a gefe, waɗanda gefe guda kawai suke juyawa, suna rikita sauyin taya da zancen safaya.

Ranar ɗaurawa, da iska

A canza bawul sabo, a yi balansin, a yi alaimen. Manyan haƙora ba sa yafe karkatar ƙafa, cikin 'yan watanni za su cinye a karkace su fara ruri. Bayan tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari a sake ɗaure notina.

Sai iska, wadda ita ce rabin aikin tayar. Masu faci da yawa suna dura iska har sai taya ta yi tauri kamar dutse, wasu kuma suna karanta lambar da ke jikin tayar, 65 ko 80, su ɗauka ita ce ƙa'ida. Wannan lambar iyaka ce, ta ranar da tayar take ɗauke da cikakken nauyinta. Ka fara daga abin da ke ƙofar motarka. Idan ka koma LT daga tayar da ba LT ba, za ta buƙaci ƙari kaɗan a kan hakan, kuma ƙafafun baya suna son ƙari idan an yi lodi. A auna da safe kafin tayar ta ɗau zafi. Sayi gejinka na kanka ka ajiye a mota.

Idan ka iso bakin laka, sauka ka rage iskar zuwa wajen 20 ko 22 a geji. Tayar za ta shimfiɗu, wurin da yake taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, haƙoran su riƙa motsi suna tofar da laka. Bambancin yana da girma ƙwarai, mota ɗaya taya ɗaya, amma kamar an canza ta. Kada ka sauka ƙasa da 15 ko 16, tayar tana iya zamewa daga rim idan ka karya kwana, kuma idan akwai kaya mai nauyi a baya kada ka rage sosai. Da ka fito kwalta a mayar da iskar nan take. Gudu da taya marar iska yana dafa ta daga ciki, shi ne yake kawo fashewa a kan hanya. Saboda haka ƙaramin injin iska mai aiki da batirin mota yana cikin kuɗin tayar, tare da shebur, igiyar ja mai ƙarfi da ɗan katako mai kauri da jak zai zauna a kai.

Sa ogzilari tun kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Ɗauki giya ta biyu, tafi da wuta daidai ba tsayawa. In ka ji ta fara juyi, ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu don haƙoran kafaɗa su sami abin cizo. Idan motar ta daina ci gaba, ɗaga ƙafa nan da nan ka gwada baya, domin tayar laka da take kamawa da kyau, haka take haƙa rami da sauri. A motar da ake sa wa ogzilari da hannu irin Hilux, cire shi da zarar ka hau busasshiyar kwalta.

Kowane kilomita 5,000 zuwa 8,000 a sauya wa tayoyin wuri, na gaba su koma baya, a shigar da safayar cikin zagayen don su cinye tare. Cire tsakuwar da ta maƙale a tsakanin haƙora kafin ta huda ciki. Idan gefe ya yanke ko ya yi ƙari, ba a yi masa faci, tayar ta gama aiki. In kuma ka dawo daga gona ka ji sitiyari yana rawa a kan titi, kafin ka nufi wajen bakanike ka sa a wanke cikin rim da ruwa mai ƙarfi, sau da yawa busasshiyar laka ce ta liƙe a gefe guda.